Raddi ga masu cewa Amurka ce ta ƙirƙiro samartaka

Wai Ingilishi ba su san samartaka ba sai a shekarun 1940, lokacin da kalmar "teenager" ta bazu a Amurka. Haka wasu 'yan boko ke ta yayatawa, suna fakewa da Bafaranshen nan Philippe Ariès, wanda ya yi da'awa a littafinsa na 1960 cewa Turawan da ba su ware ƙuruciya daga girma ba. Hujjarsu ɗaya ce: babu suna, babu abu.

Ikon Allah! Ashe jariri bai zo duniya ba sai ranar suna? To ko sunan ma akwai shi. "Young" da "youth" suna nan tun Tsohon Ingilishi, 'yan uwan "juvenis" na Latin ne. "Adolescent" ta shigo tun ƙarni na 15, daga aikatau na Latin mai ma'anar girma, tushen da "adult" ma ta fito. "Teens" kuwa tun ƙarni na 17. A bar ƙamus, a duba titi. Dokar Ingila ta 1563 ta wajabta wa mai koyon sana'a shekara bakwai a hannun maigida. Ranar 1 ga Mayun 1517, irin waɗannan samari suna cikin waɗanda suka hargitsa Landan, suka far wa baƙi. Masaniyar tarihi Barbara Hanawalt ta tono rayuwarsu daga takardun kotu a 1993, takwaranta Nicholas Orme ya biyo da nasa littafin a 2001. Masu yayatawar sun karanta kuwa? Abin da Amurka ta samo kasuwa ce: matasa masu kuɗin kashewa, da mujallar Seventeen ta 1944 da ke musu talla.

Suka ce "girl" da can tana nufin yaro, mace ko namiji. Gaskiya ne, har zamanin marubucin Ingila Chaucer. Amma "maiden" fa? Ita ce budurwa, kuma ta girmi "girl".

Suka ce "boy" bara take nufi, saboda haka yara bayi ne. Daga gare ta muka samu "boyi". Bahaushe ma yana kiran mai furfura "yarona" in yana ƙarƙashinsa, bai kuma taɓa rikita shi da ɗan goye ba. "Knight", jarumin dawaki, daga yaro mai hidima ta taso.

Suka ce "kid" ɗan akuya ce, daga harshen Norse. Sai me?