Jinjiri mai yawan barci: a tashe shi ya sha nono

Ƴan uwa mata, sau da yawa a gidan suna muna jin ana yaba jinjiri: "Wannan yaro ba shi da rigima, tun lisha yake barci har asuba." Mu dai a ganinmu, cikin makonni 2 na farko wannan ba abin yabo ba ne.

Cikin jinjiri ɗan ƙarami ne, nono kuwa ba ya daɗewa a ciki. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa ya sha sau 8 zuwa 12 cikin dare da rana. Bayan haihuwa nauyinsa yakan ragu, sai wajen kwana 10 zuwa 14 yake komawa yadda aka haife shi. Kafin nan, in ya yi awa 3 zuwa 4 bai sha ba, a tashe shi. Balle bakwaini, ko wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, ko mai shawara: rashin ƙarfi ne ke sa su barci.

Mun san mai jego a gajiye take, ga tunanin rumfarta da ta bari a kasuwa. Amma shayarwar dare ita ke ƙara ruwan nono. Maigida da kaka, ku ɗauke mata aikin gida ta rama barci da rana.

In awo ya nuna yana ƙiba, a bar shi ya farka da kansa. In kuwa an tashe shi ya ƙi farkawa ko ya kasa tsotso, kada a jira gari ya waye, a kai shi likita.