Gwargwado Ba Haddar Ƙa'ida Ba Ne

Akwai malaman da ke cewa lissafin gwargwado ya fi ƙarfin Hausa, sai dai a haddace ƙa'idarsa da Turanci a zuba a jarrabawar BECE. Masu wannan magana su leƙa Magazin na Suwame a Kumasi, inda dubban makanikai ke aiki da shi kullum.

Idan ƙaramar giya tana da haƙora 10, babba kuma 30, sai ƙaramar ta juya sau uku kafin babbar ta juya sau ɗaya. A sa mai haƙora 20 da mai 60, juyin bai canza ba. Wato 10:30 da 20:60 da 1:3 gwargwado ɗaya ne, domin duk abin da aka ninka wannan gefe da shi, an ninka wancan da shi. Yaron gareji ya san haka da hannunsa.

Kasuwa ma shaida ce. A Yulin 2007 Babban Bankin Ghana ya mayar da tsohon sidi 10,000 sabon sidi 1. Har yau akwai 'yan kasuwar da ke kiran sidi 100 miliyan ɗaya, suna juya lissafin a ka. Malami ya jera wannan a jadawali: 1 da 10,000, 5 da 50,000, 100 da 1,000,000. Ya ɗora lambobin a kan layuka biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, sannan ya rubuta 1:10,000. Ɗalibi zai ga dangantaka guda ce aka nuna ta hanya uku.

Hausa har tana raba abin da hadda ke cakuɗawa. Magini ya haɗa kwanon siminti ɗaya da na yashi huɗu, wannan ɗaya ga huɗu ne. Amma simintin ɗaya bisa biyar ne na dukkan haɗin. Ɗalibin da bai bambance "ga" da "bisa" ba zai faɗi tambayar, ko da ƙa'idar na bakinsa.

Gaskiya ne da Turanci ake jarrabawa, kuma Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnatin Ghana ke ɗaukar nauyin koyarwa. Wannan bai hana malamin Zango fara bayani da harshen da yara ke ciniki da shi ba. In sun fahimta, sunan Turanci aikin minti biyar ne.