WAYA A ALJIHU, JAHILCI A GIDA: INA MAFITA GA MUTANEN GOBIR?

  

Ya 'yan uwa masu karatu, duk wanda ya san halin da ƙasar Gobir ta shiga, tun daga Isa har Sabon Birni, da garuruwa irin su Gatawa da Unguwar Lalle, ya san cewa hasarar da ɓarayin daji suka jawo mana ba ta tsaya ga rayuka da shanu da gonaki ba. Akwai wata hasara wadda ba a ƙidaya ta, ita ce hasarar karatu. Makarantu sun rufe a ƙauyuka da dama, malaman zaure sun yi ƙaura zuwa Sakkwato, iyalai masu yawa sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019. Yaron da ya bar allo yana ɗan shekara 10 a wancan lokaci, yau saurayi ne, kuma babu ajin da zai karɓe shi. Magidancin da yake ɗaukar Iziyya bayan sallar Magariba ya tsaya a inda malaminsa ya bar shi. To, tambayar da ke gabanmu ita ce: shin wannan waya da ke aljihun kusan kowane magidanci tana iya mayar mana da wani abu daga cikin abin da ya suɓuce?

Amsarmu ita ce tana iyawa, amma bisa sharuɗɗa. Kuma jama'a sun rabu kashi biyu a kan wannan mas'ala, kowane kashi ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Kashi na farko su ne masu cewa waya fitina ce tsantsa, a raba mata da yara da ita a huta. Ba mu musun ɓarnar da ke cikinta, domin muna ganin yadda samari ke kwana a kan TikTok, da yadda jita-jita ke yawo a WhatsApp har ta tayar da gari. Sai dai muna tunatar da su cewa irin wannan magana aka yi a kan rediyo da kaset. Amma ta Rediyon Kaduna ne tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, daga Masallacin Sultan Bello, ya shiga gidajen da malami bai taɓa taka ƙofarsu ba, kuma bayan rasuwarsa a 1992 kaset ya ci gaba da karantar da mutane. Kayan aiki yana bin niyyar mai riƙe da shi ne, kamar yadda wuƙa take yanka layya kuma take zubar da jinin haram.

Kashi na biyu su ne 'yan boko da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu ganin cewa da zarar an sa darussa a intanet, to magana ta ƙare. Lalle an yi ƙoƙari ta wannan fuska. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ke karantar da manya daga nesa. A 2022 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya tare da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin darussa mai suna Nigeria Learning Passport. Muna yaba musu. Amma muna tambayarsu: ina suke a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, saboda yaƙi da 'yan bindiga? A cikin waɗannan makonni ne, a watan Oktoba, aka kai hari kasuwar Unguwar Lalle aka kashe bayin Allah. Mutumin da sai ya nemi layin ƙasar Nijar kafin ya ji ko ɗan uwansa yana raye, yaya za a ce masa ya shiga aji a intanet? Ko a ranar da layi yake da ƙarfi, ina kuɗin data, ina wutar caji? Duk tsarin karatun da ya dogara ga layi kaɗai, a wannan yanki namu, gini ne a kan yashi.

DARASI DAGA 'YAN TARU

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A wannan ƙasa ta Gobir Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara kiransa, kuma a littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke tara ɗalibai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci irin matsalarmu ta yau: matan ƙauye ba su iya barin gidajensu su zo birni, hanya kuma ba ta da aminci. Sai ta tsara karatun cikin waƙoƙi na Fulatanci da Hausa waɗanda ake iya haddacewa, ta zaɓi dattijan mata amintattu da ake kira jaji, ta ba kowace malfa alamar izini. Jaji ta zo ta karɓi karatu, ta koma ƙauye ta zaunar da mata ta koya musu, sannan ta dawo ta ƙaro. Waɗannan su ne 'Yan Taru.

Mu lura da abu uku a cikin wannan tsari. Karatun an jera shi, ba tsince-tsince ba ne. An zuba shi cikin abin da ake iya ɗauka a tafi da shi ko'ina. Sannan akwai mutum sananne da ke da alhakin isar da shi da kuma bibiyar masu koyo. Abin da waƙa ta yi a zamanin Nana, shi ne ɗan katin memori yake iya yi a yau. Kati ɗaya mai girman farce yana ɗaukar karatun murya na fiye da sa'a 100, yana aiki a ƙaramar waya mai madannai, ba ya buƙatar layi ko data. Ɗalibin da ya iya Larabci kuwa yana iya ajiye Maktaba Shamila, mai ɗauke da dubban littattafai, ya yi muɗala'a ba tare da intanet ba. Kayan ɗaukar karatu muna da su fiye da na magabata. Abin da muka rasa shi ne jeri da kuma jaji.

Je ka shagon mai tura karatu a kasuwa ka gani. Za a cika maka kati da wa'azi 50 na malamai daban-daban, wannan raddi ne, wancan muƙabala ce, wani kuma an yanko shi daga tsakiya ba kai ba gindi. Mutum ya shekara yana saurare, ya iya sunayen malamai da saɓaninsu, amma bai gyara alwalarsa ba, bai kuma iya karanta takardar asibiti ba. Wannan shi ake kira cika ciki da ruwa.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na ɗaya, malamanmu na Sakkwato su zauna su ɗauki karatu a jere, littafi bayan littafi, daga Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi zuwa Risala, kowane darasi kada ya wuce minti 20, da lambarsa, da Hausar da mutumin ƙauye zai gane.

Na biyu, kada a tsaya ga fiƙihu. A haɗa da koyon karatu da rubutu na boko da ajami, da lissafin ciniki, da kiwon lafiyar mai ciki da jariri, da dabarun noma da adana hatsi. Matar da aka kashe mijinta ta zama ita ce mai ciyarwa, tana buƙatar sanin hukuncin takaba, tana kuma buƙatar sanin yadda za ta lissafa ribar ƙuli-ƙulinta.

Na uku, kowane masallacin Juma'a da kowace Islamiyya su mallaki faifan sola ɗaya da lasifika ƙarama da katuna, a hannun amintaccen mutum. Kuɗin wannan bai kai na shanun da muke yankawa a walimar sauka ba.

Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙi, a naɗa mai bibiya a kowace unguwa, namiji ga maza, mace ga mata. Mutane su saurari darasi a gida ko a gona, su haɗu sau ɗaya a mako a yi tambayoyi, a ji wanda ya fahimta. Abin da ya gagara a rubuta shi, a aika wa malami in layi ya samu, ko a ba direban da ke zuwa birni. Waya ba ta ganin kuskuren mai sujada, ba ta kuma san wanda ya yi barci a tsakiyar darasi ba.

Na biyar, a fara da 'yan gudun hijira da ke zaune a makarantu da kangaye, a nan gida da kuma ƙetaren iyaka, domin su ne suka fi kowa lokaci, kuma su ne suka fi kowa hasara.

Ya 'yan uwa, tsare rayuka da buɗe makarantu haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina neman sa ba. Amma shekarun mutum ba su jiran a gama yaƙi. Ɗan da aka bari ba karatu yau, shi ne ɓarayi za su ɗauka aiki gobe. Muna kira ga shugabannin rassa na Isa da Sabon Birni su sa wannan batu cikin zamansu na wata mai zuwa, kowane reshe ya fito da sunan mutum biyu da za su riƙe amanar.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya jiƙan waɗanda aka kashe, ya ba mu ilmi mai amfani.