Gahawa a Kan Hanya

Duk wanda ya taɓa kwana a jirgin ƙasa daga Yawunde, ya wayi gari a Ngaundere, sannan ya shiga neman motar Garwa, ya san halin da za mu yi magana a kai. Ido ya yi nauyi, baya ya ƙage, ga kusan kilomita 280 a gaba, ga gangaren nan mai lanƙwasa kafin a sauka Mbe. A irin wannan lokaci ne rai ke marmarin gahawa mai kyau, kuma a lokacin ne aka fi miƙo wa mutum ruwan ɗumi mai launin ƙasa wanda sukari ya rinjaya.

Mu mutanen arewa 'yan shayi ne, ba mu musu. Amma gahawa ba baƙuwa ba ce gare mu. Sunanta ma daga Larabci ya zo mana, kuma tarihi ya nuna cewa Sufayen Yaman ne suka yaɗa shanta a ƙarni na 15 domin su jure tsayuwar dare, daga nan ta isa Makka da Alƙahira kafin Turawa su san ɗanɗanonta. A nan gida Kamaru ana noma iri biyu. Arabika ta fi son tuddai masu sanyi na yamma, wajajen Bafusam da Fumban, ta fi ƙamshi da laushi a harshe. Robusta kuwa tana yi a ƙasa mai ɗumi irin ta Nkongsamba, ta fi ɗaci, kuma sinadarin kafin mai kore barci da ke cikinta ya kusan ninka na arabika. Abin mamaki shi ne, ƙasarmu na tura buhunan gahawa ta tashar ruwa ta Duwala zuwa Turai, mu kuma muna tsayawa a tasha muna sayen garin da aka sarrafa, aka ƙulla a 'yar leda.

Ba mu raina gahawar leda ba; ta fitar da mutane da yawa daga kunya. Sai dai shawararmu ga mai tafiya mai nisa ita ce ya haɗa tasa da hannunsa, domin kayan aikin ba su kai cika aljihun jaka ba: gwangwani mai murfi, cokali, kofi, filas, da ƙyallen auduga fari mai tsabta na tacewa. A garin auduga irin Garwa, ƙyalle ba zai gagara ba.

Aikin daga gida yake farawa. A sayi ƙwaya soyayya, a daka a turmi mai tsabta daren tafiya, kada a mai da ita laushi kamar garin tuwo, a bar ta da ɗan tsaki-tsaki. Da zarar an daka gahawa ƙamshinta ya fara gudu, zafin Maris da Afrilu kuwa, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, yana ƙara masa sauri. Saboda haka a daka gwargwadon kwanakin tafiya kawai, a rufe gwangwanin sosai, a cusa shi tsakiyar tufafi inda rana ba ta kaiwa. Wani abu kuma, gahawa tana ɗaukar warin maƙwabcinta. Mun taɓa ɗaure tamu a ƙunshi ɗaya da daddawa da busasshen kifin Binuwai da za mu kai wa dangi tsaraba. Da muka isa Marwa muka dafa, abin da ya fito ya fi kusa da miya. Tun daga ranar, uwargida ce ke shirya jakar.

Sai ruwa, wanda shi ne kusan dukan abin da ke cikin kofin. Ruwan hanya ba a san asalinsa ba, kuma waɗanda suka ga annobar kwalara ta shekarar 2010 a Arewa Mai Nisa ba sa bukatar a tuna musu. A tabbata ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya, ko da a wurin mai shayi za a karɓa. Amma kada a zuba shi kan gahawa yana ɓulɓula, don yakan fito da ɗacinta. A sauke, a jira rabin minti. Mafi dacewa shi ne zafin da ke tsakanin digiri 90 da 96. A nan tudu yana da tasa fa'ida: Ngaundere ta haura mita 1,000 bisa teku, ruwa na tafasa a can a wajen digiri 96, don haka ana iya zubawa nan take. A Garwa, da ke kwari, dole a ɗan yi haƙuri.

Awon ba shi da wuya. Giram 60 ga lita ɗaya, wato babban cokali ɗaya a cike da tozo ga matsakaicin kofi. A zuba garin, a zuba ruwan, a juya sau ɗaya, a rufe da faranti na minti huɗu, sannan a tace da ƙyallen. In babu ƙyalle, a bar tsakin ya kwanta, a tsiyaye a hankali. Masu son irin ta 'yan'uwanmu na Kusuri da Cadi sai su ƙara 'yar busasshiyar citta ko kanumfari ɗaya tun a turmi. Sukari kuwa a ɗanɗana tukuna kafin a sa. Gahawar da aka haɗa daidai ba ta neman dunƙule huɗu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a dafa gahawa da asuba, a ɗura a filas, a yini ana sha. Bayan awa biyu ko uku ta yi tsami, ƙamshi ya mutu, filas ɗin kuma ya kama wari har na gobe. A ɗura tafasasshen ruwa zalla, bayan an ɗauraye filas da ruwan zafi don ya riƙe ɗumi, a haɗa kowane kofi lokacin da za a sha.

Akwai dalilin da ya fi ɗanɗano nauyi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a tashoshinmu wasu direbobi da 'yan babur suna narka ƙwayar tramol a cikin gahawa don su jure aiki, har an sami masu sayarwa da ke haɗa musu. Ba mu ce duka masu teburin shayi haka suke ba. Galibinsu bayin Allah ne masu neman halali. Amma uban da zai tura ɗansa matashi tafiya shi kaɗai ya kyautu ya koya masa ya tsaya a haɗa abin shansa a gaban idonsa, kada ya karɓi kofi daga hannun wanda bai sani ba. Fasinja kuma da ya ga direba yana jefa wani abu a kofinsa yana da ikon ya yi magana, ko ya sauka, tun mota ba ta tashi ba.

Ko gahawa tsantsa ma tana da iyaka. Tana jinkirta barci, ba ta biyan bashinsa. Takan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ta fara aiki, kuma bayan kamar awa biyar rabinta na nan a jiki, shi ya sa kofin la'asar ke hana matafiyi runtsawa a masauki, gobe ya hau hanya a gajiye. Masana lafiya sun sa wa baligi iyakar miligiram 400 na kafin a yini, kimanin kofi huɗu ke nan, mai juna biyu kuma rabin haka. Mai tuƙin da ya ji gyangyaɗi tsakanin Figil da Marwa, abin da ya fi masa shi ne ya gangara gefe a wuri mai aminci, ya sha kofi ɗaya, ya kishingiɗa na minti 15 ko 20. Yana farkawa gahawar ta kama. In har bayan haka ido bai washe ba, to a nemi masauki a kwana.

Ƙyallen tacewa kuma a wanke shi da ruwa zalla, ban da sabulu, a shanya shi ya bushe kafin a mayar jaka. Allah ya kai kowa gida lafiya, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.