Jigon jirgi a gaban gajeriyar gada

A gabashin Ingila akwai yankin koguna da tafkuna da ake kira Norfolk Broads. A can, bisa kogin Thurne, gadar Potter Heigham take, wadda aka gina da dutse wajen shekarar 1385. Tsakanin ruwa da rufin ƙofarta ta tsakiya bai wuce kamar mita 2 ba, alhali jigon ƙaramin jirgi mai tafiya da iska, wato dogon itacen da ke riƙe da ƙyallen kama iska, ya ninka haka sau da yawa. Ta yaya zai wuce?

Maƙeran jiragen yankin ba su kafe jigon ya zauna daram ba. Sun rataye shi bisa ƙarfe guda tsakanin katakai biyu, suka ɗaura masa darma a gindi. Duk wanda ya ga jigon ban ruwa a garka, mai curin laka a ƙarshensa, ya san wannan hikima: nauyin ƙasa ke tallafe na sama. Jirgin dakon kaya Albion, wanda aka ƙera a 1898, darmar jigonsa ta kai kusan tan 1.

Sai dai aikin yana da tsari. Tun da sauran tazara matuƙi zai tsaya a gaɓa, ya fuskanci iska, ya sauke ƙyallen ya naɗe. Sa'an nan ya cire sakatar gindin jigon, ya riƙa sassauta igiyar goshi sannu a hankali har jigon ya kwanta ta baya bisa matokarinsa. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa, balle yara. Daga nan ya duba allon awo da ke gefen gada, domin ruwan sama da cikowar teku suna rage sararin. In akwai hanya, sai ya tura jirgin da doguwar gora.

Wanda ya jinkirta har ya iso bakin gada, ruwa ba zai jira shi ba: jigo ya karye, igiyoyi su sarƙe, wataƙila a ji rauni. Wanda kuwa ya sauke da wuri, yana fita sai ya sake ɗagawa ya ci gaba da tafiya. Gaskiyar Bahaushe, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.