Wa Ke Riƙe da Akalar Makarantunmu a Yankin Noman Rani?

'Yan'uwa malamai, Jihar Kano ba ta taɓa rasa kyakkyawar manufa a kan takarda ba. A watan Satumba na 2019 aka ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, a watan Yuni na 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Kafin su akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, kafin ita kuma akwai shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, wanda ya yaye da yawa daga cikin malaman da suka koyar da mu. Duka sun nufi abu guda: kowane yaro ya shiga aji. Tambayar da ta dame ni ita ce, idan yaron ya shiga, me muke so ya fita da shi, kuma wa aka ɗora wa alhakin tabbatar da hakan a Kura da Bunkure?

Na ambaci garuruwan nan da suna ne domin ɗalibanmu ba irin na ko'ina ba ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, noma ya daina hutu a ƙasar nan. Ana gama shinkafar damina sai a shiga tumatir da albasa da alkama da masarar rani. Ruwan ya janyo arziki, arzikin ya janyo mutane. A aji ɗaya za ka tarar da ɗan manomi wanda kakanninsa suka kafa garin, da ɗan ruga wanda da Fulatanci ya buɗe baki, da 'ya'yan 'yan ci-rani da za su tashi da zarar an kwashe amfanin gona, da ɗan fatake daga kudu wanda sayen shinkafa ya zaunar da iyayensa. Ga wanda sai ya wanke allonsa da asuba kafin ya zo, ga yarinyar da farantin talla ke jiranta a gida. Cakuɗar da ake ganin sai a Sabon Gari ko Fagge ake samunta, mu ma tana gabanmu kullum, sai dai tamu tana tafiya da kakar noma.

To amma jadawalin zangon karatu guda ne daga birni har ƙauye. Inda ake noman damina kaɗai, babban hutu yakan rufe wani ɓangare na aikin gona. A nan kuwa lokacin dashen shinkafa da korar tsuntsaye da tsinkar tumatir yana faɗowa ne a tsakiyar zango. Duk malamin da ke kiran suna da safe ya san makwannin da benci ke yin fili. Yaron da ya ɓace mako uku ya dawo, ya tarar an wuce shi. Kunya ta hana shi tambaya, malami kuma manhaja na kora shi gaba. A ƙarshen shekara a ciyar da shi aji na gaba domin kada lissafi ya ɓaci. Haka muke kai yaro aji shida bai iya karanta wasiƙar da aka aiko wa mahaifinsa ba.

Manomanmu sun fi mu gane wannan al'amari. Ba wanda yake auna nasarar ban-ruwa da yawan ruwan da aka saki daga Tiga. Abin da ake dubawa shi ne ko ya isa gonar da ke can ƙarshen magudana, wadda ciyawa da yashi da masu tare ruwa a sama suke hana wa rabonta. Mu a harkar ilimi har yanzu a bakin madatsa muke awo: azuzuwa nawa aka gyara, kujeru nawa aka raba, yara nawa aka yi wa rajista. Duka suna da amfani, kuma wanda ya taɓa koyar da yara suna zaune a ƙasa ba zai raina kujera ba. Sai dai babu ɗayansu da ke gaya mana ko ɗan ruga da ke bayan aji ya iya haɗa baƙi da wasali.

Ra'ayina shi ne kowace makarantar firamare a yankin nan ta ɗaura wa kanta buri guda wanda uba marar boko zai iya fahimta ya kuma bincika: duk yaron da ya gama aji uku ya karanta gajeren labari da Hausa, ya faɗi abin da ya fahimta, ya kuma yi lissafin kuɗin kwando biyar na tumatir ba tare da an cuce shi ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin a 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa. Turanci zai fi zama a kan wannan tubali.

Buri kuwa ba ya cika kansa, sai da jagora, kuma jagoran makaranta hedimasta ne. Abin takaici, mun bari muƙamin ya koma na mai cike fom da tarbar baƙi. Sau da yawa ana ba da shi ne bisa daɗewa a aiki, wani lokaci ma bisa sanayya, sannan a ɗaure wa mutum hannu: ba zai taɓa lokacin shiga aji ba, ba zai raba yara bisa abin da suka iya ba, kuɗin alli ma sai ya laluba aljihunsa. Ya kamata Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi su ba hedimastan da ya cancanta dama, a rubuce, ya mayar da darasi yamma a makwannin da aikin gona ya yi tsanani, ya kuma ware sa'a guda kullum ta cike giɓi ga waɗanda suka dawo. A ƙarshen shekara sai a tambaye shi yara nawa ne suka iya karatu.

Na san wasu abokan aiki za su ce wannan ɗaure wa iyaye gindi ne su ci gaba da sa yara aiki. Damuwarsu tana da tushe, kuma ba na goyon bayan a cire yaro daga aji don neman kuɗin ƙwadago. Amma shekara nawa muka yi muna wa'azi, bencin bai cika ba? Gwamnatin Tarayya da kanta, da ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, ta yarda cewa makaranta na iya daidaita lokacinta da rayuwar mutanen da take yi wa hidima. Abin da ya halatta ga ɗan makiyayi ban ga dalilin haramta shi ga ɗan mai noman rani ba. Kwamitin gudanar da makaranta ma a daina cika shi da sunayen da ba sa zuwa taro. A zaunar da shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa, da arɗo, da liman, da uwar da mata ke jin maganarta, domin su ne suka san makon da yara za su ɓace tun kafin mu sani.

Ƙungiyarmu tana da gaskiya da take sa ido kan albashi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi. Manyanmu ba su manta da wuyar da aka sha ba bayan an rushe Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa a 1991, aka bar albashi a hannun ƙananan hukumomi. Amma muryarmu za ta fi nauyi a gaban hukuma idan muka je da hujja daga cikin aji. Ina roƙon kowane wakilin makaranta ya zo taron reshe na gaba da rajistar zango uku da suka wuce, ya ja layi a ƙarƙashin makwannin da yara suka fi ƙauracewa, mu haɗa na Kura da na Bunkure mu miƙa wa sakatarorin ilimi kafin a fitar da jadawalin baɗi.