Kama da Wane Ba Ta Wane

Shekaru masu yawa makaɗin jita ta lantarki bai isa ya hau dandamali ba sai da amfilifaya, watau akwatin nan mai ƙara wa kiɗa ƙarfi. Waɗanda suka fi shahara su ne na Fender da Vox da Marshall, masu aiki da 'yan kwalabe da ke ɗaukar zafi a cikinsu. Daɗin sauti kam suna da shi, amma wani yakan kai nauyin kilo 30, ga saurin lalacewa a kan hanya, ga tsadar gyara.

A shekarar 1998 kamfanin Line 6 na Amurka ya fito da POD, wata 'yar jar na'ura mai siffar ƙwayar wake, wadda ke kwaikwayon muryar waɗannan akwatuna ta hanyar lissafin kwamfuta. Axe-Fx ta biyo baya a 2006, sannan Kemper ta ƙasar Jamus a 2011, wadda takan saurari amfilifaya ta gaske ta kwafe muryarta. Tun daga nan gardama ta kaure tsakanin makaɗa. Wasu suka rungumi na'urar, wasu kuwa suka ce ai kama da Wane ba ta Wane.

In aka dubi lamarin da idon basira, hujjar masu ƙin na'urar ba ta da ƙarfi a dandamali. A babban taro, ko da amfilifayar kwalba ce, makirufo ake kafa mata a gaba, sautin ya bi waya zuwa manyan lasifiku, kana ya isa kunnen jama'a. Wanda ke can ƙarshen fili bai taɓa jin akwatin kai tsaye ba. Na'urar kwaikwayo kuwa tana shiga jaka, sautinta na daren jiya shi ne na yau, kuma ba ta tilasta wa mawaƙi ya yi ta ƙaraji don a ji shi. Har ƙungiyar Metallica, duk da ƙarfin kiɗanta, ta koma ga Axe-Fx a wasanninta.

Abin tsoron yana wani wuri dabam. Muryoyin da na'urar ke kwaikwaya, yawancinsu daga ƙarfin hali da rashin kayan aiki suka samo asali. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ta Ingila ya tsaga lasifikarsa da reza, ya sami amon da matasa suka yi ta bi. Haka nan makaɗan Buzaye na Agadas, da ƙananan akwatuna da janareta suka yi ta raya bukukuwan aure, har duniya ta san sunan Bombino. Na'ura kuwa abin da aka riga aka yi take ajiyewa. Idan kowane saurayi ya sauko da shiryayyen sauti daga intanet ya hau dandamali, za a wayi gari makaɗa dubu suna magana da murya guda.

Saboda haka ya kamata makaɗi ya karɓi na'urar don sauƙin da ta kawo, amma ya zauna ya murɗa ta, ya gyara, har ta fitar da amon da za a ji a ce nasa ne. Wanda ya tsaya ga aron murya, ranar da aka tambayi tasa, ba shi da abin nunawa.